Wane aiki zan iya danƙa wa wani a ɗakin marasa lafiya, kuma wa zai amsa idan an samu matsala?

Sista Mai Ɗakin Maza ta rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida iyayenmu da yayyenmu da suka riga mu shiga wannan aiki, da fatan kowa ya sauka daga aikinsa lafiya.

Ba a daɗe ba aka ɗora mini shugabancin ɗakin da ake kwantar da maza masu cututtukan da ba na tiyata ba, a wani babban asibitin jiha. Ɗakin yana da gado 30, kuma da zarar damina ta yi nisa, zazzaɓin cizon sauro da amai da gudawa suka yawaita, ba a rasa waɗanda ake shimfiɗa wa katifa a ƙasa tsakanin gadaje. Da safe hannu yana da dama-dama, amma a aikin dare mafi yawanci ma'aikatan jinya biyu ne masu rajista, sai jami'in lafiya na matakin farko guda ɗaya, daga cikin waɗanda ake kira CHEW, da aka turo mana domin cike giɓi, sai mataimakin ɗaki, sai ɗalibai idan lokacin zuwansu ya yi. Bayan waɗannan akwai masu jinya da suka taho da marasa lafiyarsu daga gida, waɗanda kowa ya san ba don su ba da aikin ya gagare mu tuntuni.

Mutum biyu ba za su iya raba maganin dare, su sa ƙarin ruwa, su karɓi sabon wanda aka kawo daga sashen gaggawa, sannan su bi gado-gado suna auna kowa ba, don haka dole a raba aiki. Abin da ke damuna shi ne yadda ake rabon. Na tarar da al'adar cewa wanda ya fi kusa shi ake ce wa ya je ya duba gado kaza, ba tare da an faɗa masa abin da zai duba ba ko lokacin da zai dawo da bayani. Da safe sai in ga takardar awo cike da lambobi, amma idan na tambayi wanda ya karanta su ya yanke hukunci a kai, sai a yi shiru.

Ina neman shawararku a kan iyakar abin da ya halatta in danƙa wa ɗalibi ko jami'in CHEW ko mataimakin ɗaki, da abin da ba ya barin hannun mai rajista ko da ɗakin ya cika maƙil. Idan kuma na danƙa aiki aka yi kuskure, wa zai tsaya gaban hukuma? Akwai wani ɓangaren da ya fi yi mini nauyi. Jami'in CHEW da nake magana a kansa ya haife ni a shekaru, Baba nake kiransa, ya fara aiki tun ina firamare, kuma hannunsa a neman jijiya ya fi na da yawa daga cikinmu. Ta yaya zan ce masa ga inda zai tsaya ba tare da na ci masa fuska ba?

Tsohuwar Shugabar Ma'aikatan Jinya ta amsa:

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya taya ki riƙo.

Kowane aiki a gefen gado yana da ɓangaren hannu da ɓangaren hukunci. Ɗaura abin awon jini a damtse da karanta lambar da ta fito aikin hannu ne, kuma duk wanda aka koya wa, aka gan shi ya yi daidai, zai iya yi. Amma duba lambar nan a haɗa ta da fuskar maras lafiya, da abin da ya kawo shi, da lambar da aka samu awa huɗu da suka wuce, a ce wannan mutum yana zamewa a kira likita yanzu, wannan hukunci ne, kuma shi ne abin da Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya, wadda dokar 1979 ta kafa, ta ba ki lasisi a kansa. Za ki iya ba da aron hannun wani, amma tantance halin maras lafiya, da tsara yadda za a kula da shi, da duba ko abin da aka yi ya yi amfani, suna wuyanki har ki miƙa aiki da safe.

Daga nan ne amsar tambayarki ta farko take fitowa, kuma amsar ta fi rataya a kan maras lafiyar fiye da sunan aikin. Auna zafin jiki da bugun jijiya na dattijon da ya warware, yana jiran sallama gobe, ɗalibar shekarar farko za ta iya. Aiki iri ɗaya a kan saurayin da aka kawo da yamma da ciwon huhu, yana haki, ke za ki yi da kanki ko abokiyar aikinki, domin a wurinsa awon da hukuncin ba sa rabuwa. Wanda aka karɓa yanzu, da wanda halinsa ke canzawa daga awa zuwa awa, da wanda likita ya canza wa magani mai ƙarfi a ranar, ba a raba su ga kowa. Saboda haka nake ganin rabon aiki ba ya farawa sai shugabar dare ta zagaya ɗakin da ƙafarta bayan karɓar aiki, ta ga kowane gado da idonta, ta ware mutum huɗu ko biyar da suka fi ba ta tsoro, ta sa aka matso da su kusa da teburin ma'aikata idan da hali. Sauran ne ake rabawa.

Akwai ayyukan da ni a zamanina ban taɓa yarda su fita daga hannun mai rajista ba. Ƙarin jini shi ne na farko a cikinsu: tantance sunan maras lafiya da lambar jakar jini da rukuninsa, mutum biyu masu lasisi ne suke yi a gefen gado, kuma minti 15 na farko bayan an buɗe jinin mai rajista ce take lura, domin a nan ne mummunan rashin jituwa ya fi bayyana, kuma ita ce za ta tabbatar jakar ta ƙare kafin awa 4 da fito da ita daga firiji. Haka insulin, da magungunan kashe zafi masu ƙarfi da ake kullewa a akwati, da duk abin da aka haɗa da sinadarin fotashiyam, wanda idan aka tura shi kai tsaye cikin jijiya zai iya tsayar da zuciya nan take. Haka tabbatar da cewa robar ciyarwa da aka zura ta hanci ta sauka a ciki ba a huhu ba, kafin a zuba komai a cikinta. Haka sanar da iyali labari mai nauyi.

Yanzu ga inda nake so ki tsaya ki yi nazari, domin a nan ne mafi yawan ɗakuna suke faɗuwa. Kin ce ana cewa a je a duba gado kaza. Wannan umarni babu komai a cikinsa. Wanda aka aika ba shi da laifi idan ya je ya leƙa ya ga mutum a kwance ya dawo ya ce yana barci. Umarnin da ke da amfani yana ɗauke da suna da aiki da lokaci da lambar da za a dawo a kanta. Misali: ka auna mini Malam na gado na 12 ƙarfe 12 da ƙarfe 2, ka ƙirga numfashinsa minti guda cikakke da agogo a hannu, idan ya kai 25, ko lambar sama ta awon jini ta sauka zuwa 90, ko ka yi masa magana ka ga ya rikice, kada ka jira ka gama zagaye, ka zo ka same ni duk abin da nake yi. Sannan ki sa ya maimaita miki abin da kika faɗa. Ba ya ɗaukar minti ɗaya.

Na ambaci numfashi da gangan. Babban mutum mai lafiya yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti, kuma sau da yawa numfashi ne yake fara canzawa kafin jini ya faɗi, amma shi ne awon da aka fi rubutawa da ka. Ki ɗauki takardun ɗakinki gobe ki duba. Idan kika ga 20, 20, 20 tun daga gado na farko har na ƙarshe, to ba a ƙirga ba, kuma wannan ba ya gyaruwa da faɗa, sai an zaunar da mutum an nuna masa dalilin da ya sa lambar take da muhimmanci. Haka fitsari: wanda aka sa wa roba, idan abin da ke taruwa bai kai mililita 30 a awa ba, labari ne da ya kamata ya iso gare ki a daren, kada a zubar da jakar a wanke a yi shiru.

Game da wanda zai amsa, ku biyu ne, amma kowa da tambayarsa. Shi za a tambaye shi ko ya yi aikin yadda aka koya masa, ko ya faɗi gaskiya a takarda, ko ya kawo rahoto a kan lokaci. Ke za a tambaye ki dalilin da ya sa kika zaɓe shi, ko kin san ya iya, me kika faɗa masa, kuma ko kin koma kin duba. Idan rabon aikin dare yana rubuce a littafi, da sunan kowa da gadajensa, kin rage wa kanki da su rabin wahalar ranar bincike.

Batun Baba kuwa, kada ki yi masa maganar a gaban ɗalibai ko masu jinya. Ki same shi shi kaɗai, ki gaishe shi yadda ya dace, ki ce masa kina neman taimakonsa wajen tsara aikin dare, ki nuna masa abin da takarda ta ɗora a wuyanki wanda ba ki da ikon sauke shi ko da kina so. Dattijon da ya daɗe a asibiti ya ga ranar da aka kira mutane gaban kwamiti, ya san abin da kike nufi.

Jami'in Lafiya na Karkara ya amsa:

Ina gaida Mama, Allah ya ƙara girma. Na amfana da bayaninki, amma ina neman izini in yi magana daga ɓangaren waɗanda ake danƙa wa aikin, domin ni jami'in CHEW ne, kuma na yi aiki a ƙaramin asibitin ƙauye da kuma babban asibiti.

Da farko ina roƙon Sista kada ta haɗa mu a layi ɗaya da mataimakin ɗaki. Mu ma muna da makarantarmu, muna da hukumar da ke yi mana rajista, muna kuma da littafin ƙa'idojin aiki da ya zayyana abin da za mu yi da inda za mu tura maras lafiya gaba. A shekarar 2014 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta fitar da manufar sauya ayyuka da raba su tsakanin ma'aikatan lafiya, aka sake duba ta a 2018, kuma a ƙarƙashinta jami'in da aka horar yana karɓar haihuwar da ba ta zo da tangarɗa ba, yana ba mai juna biyu da ke jijjiga allurar farko ta magnesium sulphate kafin ya tura ta babban asibiti, yana sa ashanar tazarar haihuwa a damtse. A ƙauyuka da yawa na Arewa, idan mace ta fara zubar da jini da tsakar dare, babu wani mai farin kaya sai mu.

Amma gaskiya ita ce wannan manufa an gina ta ne domin matakin farko, inda babu likita kuma sau da yawa babu nas, kuma ta ɗaure kowane aiki da horo na musamman da sa ido. Ba ta mayar da ni ma'aikacin jinya na ɗakin masu ciwon ƙoda da ciwon zuciya ba. Karatunmu ya fi ƙarfi a rigakafi da lafiyar uwa da yaro da cututtukan da aka saba gani a gari. Don haka abu biyu ne daban: aikin da gwamnati ta sauya mini a rubuce, wanda ni zan amsa shi da lasisina, da aikin da Sista ta danƙa mini a daren yau, wanda muke amsawa tare.

Abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne rashin daidaito. Idan ɗaki ya cika, hannu ya yi kaɗan, sai a ce mana mu yi komai, har abin da ba a taɓa koya mana ba. Idan gari ya waye lafiya babu mai tunawa. Ran da aka samu matsala kuwa, tambayar farko ita ce wa ya sa CHEW ya taɓa wannan, kuma wadda ta ba da umarnin da baki sai ta manta ta faɗa. Saboda haka rubutaccen rabon da Mama ta ambata mu ya fi karewa. Ina kuma roƙon shugabanni su buɗe ƙofar da ƙaramin ma'aikaci zai ce ban iya wannan ba, ko ban taɓa yi ba, a nuna mini, ba tare da an ɗauke shi malalaci ko mai girman kai ba. A wuraren da faɗin haka yake jawo tsawa, mutane suna yin shiru su gwada a jikin maras lafiya.

Game da Baba, ina ganin Sista ta zauna da shi su lissafa ayyukan ɗakin ɗaya bayan ɗaya, a rubuta waɗanda ya ƙware a kansu kuma dokar asibitin ta yarda, kamar sa allurar ƙarin ruwa da wankin ciwo, a bar masa su da mutunci, har a sa ya riƙa nuna wa ɗalibai yadda ake samun jijiya a hannun wanda ruwan jikinsa ya ƙare.

Ɗan'uwanku da ke aiki a Ingila ya amsa:

Sallama ga kowa. Na yi aiki a gida kafin in taho nan, don haka na san ɗakin da Sista take bayani, kuma ba zan kawo muku tsarin da ya dogara da kayan da babu su ba.

Abin da zan ƙara shi ne wannan matsala ba ta talauci kaɗai ba ce. A nan Ingila, bayan abin da ya faru a asibitin Stafford tsakanin 2005 da 2009, inda aka bar marasa lafiya cikin ƙazanta da ƙishirwa, rahoton Robert Francis na 2013 ya nuna yadda rage ma'aikata domin tsimin kuɗi ya taimaka wajen lalacewar kulawa. A shekarar ne kuma binciken Camilla Cavendish ya gano cewa mataimakan jinya, waɗanda su ne suka fi kowa taɓa jikin maras lafiya, ba su da wani mafi ƙarancin horo da aka wajabta a faɗin ƙasa, abin da ya kai ga fito da takardar shaidar horon farko na mataimakan jinya a 2015. Ƙa'idar aikinmu a nan ta ɗora wa mai danƙa aiki abu uku: kada ya ba mutum abin da ya wuce iyawarsa, ya tabbatar ana sa masa ido ana tallafa masa, sannan ya tabbatar sakamakon aikin ya kai matsayin da ake buƙata. A Amurka kuma majalisar hukumomin jinya ta jihohi ta daɗe tana koyar da sharuɗɗa biyar, wato dacewar aikin, da yanayin, da mutumin, da umarnin, da sa idon. Duk wanda ya karanta amsar Mama zai ga biyar ɗin a ciki.

Amma akwai iyakar abin da kyakkyawan rabo zai iya gyarawa, kuma ina so Sista ta riƙe wannan domin ranar da za ta shiga ofishin shugabannin asibiti. Binciken da Linda Aiken da abokan aikinta suka buga a 2002, a kan asibitoci 168 na jihar Pennsylvania, ya nuna cewa duk ƙarin maras lafiya guda a kan nas ɗaya yana tafiya da ƙarin kashi 7 cikin ɗari na yiwuwar mutuwa cikin kwana 30 ga waɗanda aka yi wa tiyata. Wani binciken nasu a ƙasashen Turai shida, wanda ya fito a 2017, ya nuna cewa maye gurbin ƙwararriyar nas guda da mataimaki a kan kowane marasa lafiya 25 yana tafiya da ƙarin kashi 21 cikin ɗari na yiwuwar mutuwa. Waɗannan asibitoci ne da nas ɗaya take riƙe da mutum shida ko takwas. Ke kina maganar mutum 15 ko fiye.

Saboda haka shawarata ita ce ki gyara rabon aiki kamar yadda aka faɗa, amma kada gyaran ya zama abin da zai ɓoye ƙarancin. Duk daren da aka kasa yin wani abu saboda rashin hannu, awon da aka tsallake, maganin da ya makara, wanda ba a juya ba, a rubuta shi a rahoton dare da sunansa, a kai sama. Idan takarda kullum tana nuna komai ya tafi daidai, babu wanda zai turo miki mutum na uku.

Sista Mai Ɗakin Maza ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Mama, da ku yayyena. Malam jami'in karkara, na karɓi gyaranka, kuma zan zauna da Baba kamar yadda ka ce. Saura ɓangaren da ba a taɓa ba, wato ɗalibai da masu jinya na gida. A ɗakinmu 'yan'uwan maras lafiya ne suke ba shi abinci, su yi masa wanka, su juya shi, su zubar da fitsari, wani lokaci ma su ne suke zuwa su ce ruwa ya ƙare. Shin wannan ma danƙa aiki ne da zan amsa, ko kuwa yana wajen lissafi?

Malamar Makarantar Jinya ta amsa:

Ƙanwata, yana cikin lissafi, domin duk abin da ya faru da maras lafiya a kan gadon ɗakinki a lokacin aikinki yana cikin kulawarki, ko da hannun ƙaninsa ne ya yi. Bambancin shi ne mai jinya ba ma'aikaci ba ne, babu hukumar da za ta tuhume shi, don haka nauyin gaba ɗaya yana komawa kan abin da kuka koya masa da abin da kuka hana shi.

Zan tsaya a kan ciyarwa, domin ita ce ake ɗauka aikin da ba ya buƙatar ilimi, alhali a ɗakin maza irin naki tana cikin mafi haɗari. Dattijon da ya samu shanyewar ɓarin jiki sau da yawa haɗiyarsa ta taɓu. Matarsa ko ɗansa, cikin tausayi, za su dama kunu mai ruwa-ruwa, su tallafo kansa yana kwance, su riƙa ɗura masa da cokali ko da kofi, yana tari suna cewa sannu, suna ƙarawa. Bayan kwana biyu sai zazzaɓi da haki, domin kunun ya bi hanyar iska ya sauka a huhu. Babu wanda ya yi niyyar cuta. Abin da ya kamata shi ne mai rajista ta fara gwada haɗiyarsa kafin a ba shi komai ta baki, idan ta ga alamar matsala ta dakatar ta sanar da likita, idan kuma an yarda a ciyar, ta tsaya a kan ciyarwar farko ta nuna: a zaunar da shi sosai, kaɗan-kaɗan, a jira ya haɗiye, a duba ko abinci ya maƙale a kumatun ɓarin da ya shanye, a bar shi a zaune kamar rabin awa bayan an gama, kuma da zarar ya yi tari ko muryarsa ta canza kamar mai ruwa a maƙogwaro a tsaya a kira nas. A tuna cewa masu jinya suna canzawa. Wanda kika koya wa ranar Litinin ya koma gona ranar Laraba, ƙaninsa ya karɓe shi bai ji komai ba, don haka tambayar wa ke kwana da shi yau tana cikin zagayen kowane dare.

Juya maras lafiya duk bayan awa biyu, da wanka, da shafa mai, za su iya, kuma sukan yi da kulawar da ta fi tamu domin nasu ne. Amma duba fatar ƙugu da diddige da bayan kai domin gano jan da ke zama gyambon kwanciya, idonki ne, aƙalla sau ɗaya a kowane aiki. Fitsari kada su zubar sai an auna an rubuta. Abin da za a hana su da babbar murya, tun ranar karɓa, shi ne taɓa maƙunshin ƙarin ruwa. Da yawa suna buɗe shi domin ruwan ya ƙare da wuri, suna ganin hakan ne zai kawo sauƙi, kuma ga mai ciwon zuciya ko ƙoda wannan yana iya cika masa huhu da ruwa. Haka maganin gargajiya ko rubutu da ake kawowa a gora: a yi maganar cikin girmamawa, a roƙe su su nuna kafin su ba shi, musamman wanda aka hana ci da sha.

Ɗalibai kuwa, ina roƙo a madadin makarantu, an turo su koyo ne, ba a turo su cike gurbin wanda ya tafi hutu ba. Ki tambayi kowane ɗalibi shekararsa da abin da aka sa masa hannu a littafinsa na gwaji. Abin da bai taɓa yi ba ya kalla, abin da ya kalla ya yi kina tsaye, abin da kika gan shi ya yi daidai ne kawai za ki bar shi ya yi kina nesa, magani kuwa ba ya bayarwa shi kaɗai ko a shekarar ƙarshe yake. Kuma ɗalibi ba ya danƙa wa wani abin da aka danƙa masa. Ana yawan samun haka: nas ta sa ɗalibar shekara ta uku, ita ta sa ta shekarar farko, ita kuma ta tambayi mai jinya ko jikin da zafi ta rubuta.

Tsohuwar Shugabar Ma'aikatan Jinya ta ƙara da cewa:

Malama ta gama magana a kan masu jinya. Abu ɗaya zan ƙara, 'yata, game da komawa a duba, tunda shi ne ya fi saurin faɗuwa idan dare ya yi nisa. Ki sa wa ɗakin lokaci tsayayye, misali ƙarfe 2 da ƙarfe 5 na asuba, da kowa zai zo teburi da takardunsa na minti biyar, a karanta lambobin da baki gado-gado, shugabar dare ta sa hannu a gefen waɗanda ta gani. Wanda lambarsa ta canza, ta tashi ta je ta gan shi da kanta a lokacin. Ki fara da waɗanda kike aikin dare tare da su a wannan makon, ki ga inda tsarin yake cijewa kafin ki kai shi taron ma'aikatan ɗaki, kuma ki nemi shugabar ma'aikatan jinya ta asibitin ta sa hannu a kan jerin ayyukan da kuka amince Baba zai riƙa yi, a ajiye kwafi ɗaya a ɗaki, ɗaya a ofishinta.